Kangon Wasu Ya Fi Kabarin Baba

Kasuwar Yelwa, Yauri
Maris, 1968

Zuwa ga Yayana Mainasara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maigidanka injiniya, da tukwanensa da cokulansa. Yaya baƙunta, yaya abincin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. Maigidana Sahabi na gaishe ka, yara na gaishe ka, har ƙaramar da ka bari a goye, yanzu ita ke korar mini ƙuda a kan banda.

Madalla da katin nan mai hoto da ka aiko daga Kambodiya. Wallahi, Yaya, ka yi gani. Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa samun wanda ya ci gaba irinka ba: mutum ya bar tsohuwarsa a tsakiyar kogi, ya haye teku, don ya je ya kalli gidan da ya rushe. Na karanta bayan katin har na haddace. Ka ce sunan wurin Angkor, mutanen Kimer suka gina shi tun zamanin da ba mai tuna kakan kakansa, ɗakunan bautarsu ne na dutse zalla, hasumiya biyar, an kewaye su da ruwa kamar gungu, irin tsibirin nan namu. Ka ce akwai inda aka sassaƙa fuskar mutum a dutse, ta fi rumbu girma, tana duban gabas da yamma, kudu da arewa, tana murmushi. Ka ce rimi ya fito a kan soro ya zuro saiwoyinsa ya rungume bango, Turawa kuma na zuwa daga ko'ina, a ɗora su bisa giwa, su sauka su ɗauki hoto, su koma otal su sha shayi. Allah Ya ƙara basira.

Katin ya zaga kasuwa, yanzu har warin albasa yake. Hafsatu mai daddawa, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta tambaye ni wai ginin ne ba a gama ba, ko kuwa faɗuwa ya yi. Na ce faɗuwa. Ta ce to mai gidan ba ya jin kunya, ya bari ana ɗaukar hoton talaucinsa? Na ce mata ai ba kyauta ake kallon ba. Sai ta ce bangon bayan gidanta ma ya zube bara, in ka san wani Bature mai sha'awa ka turo mata shi, giwa ce kawai ba ta da ita, amma akwai jaki.

Na ji daɗi ƙwarai da na ga zuciyarka ta kamu da son kango, domin ina da wani da zan tallata maka, ga shi kusa, ba sai an hau jirgin sama ba. Sunansa Gungun Tsamiya. A can aka yanke maka cibi.

Ka fi ni sanin abin da ke tafe, tun da kai ka dafa wa masu auna kogin abinci har suka gama aunawa, maigidanka ya wuce auna na wasu, ka bi shi da buta. Mutanen dam sun zo sun sake zuwa. Sun ce kafin ƙarshen damina za su toshe ruwa a Kainji, duk gungayenmu za su nutse. Sun gina mana gidaje a kan tudu. Kowa na gungun ya fara ɗaure kaya. Albasar bana ita ce ta ƙarshe, kuma kamar ta sani, ba ta taɓa yin kyau haka ba.

Inna ta ce ba ta tashi.

Ba gardama take yi da gwamnati ba, ba ta ma san wace ce gwamnati ba. Al'adar gidanmu ce, kuma ba ni zan koya maka ita ba. Ka san yadda aka yi lokacin da ruwa ya cinye gaɓar tsohon gungu, Kaka ya dawo da gida Gungun Tsamiya. Ɗan fari namiji shi ke zuwa kan kaburburan iyaye, ya ɗebi ƙasa ta wajen kai da hannunsa, ya zuba a sabuwar ƙwarya, ya kira kowanne da sunansa ya gaya masa inda za a je. Ya sa ƙwaryar a goshin jirgi, ya tuƙa da kansa, ya zube ƙasar a bakin ƙofar sabon gida. Sai an yi haka uwar gida za ta ɗauki wutarta ta bi. Baba ya rasu, ƙannensa sun rasu. Namijin da ya rage a gidan kai ne, kuma kai kaɗai Baba ya kai kan kaburburan bayan gida ya koya wa sunayen.

Na haye na same ta makon jiya tana tsinke albasa. Ka san ba ta kama sunanka, ɗan fari ne kai. Na yi mata bayani tun daga Kainji har bakin ƙofarta, da hannu da ƙafa, kamar ina cinikin kifi da Bayarabe. Ta saurara tsaf. Da na gama ta ce, “In wancan ya zo, mu tahi.” Na ce Inna, wancan yana bayan teku. Ta ce ai da ƙafa tai ya tahi, ƙafar ba ta ƙare ba.

Sahabi ya ce shi zai ɗebi ƙasar. Ta aiko masa da godiya ta bakina, ta ce suruki baƙo ne mai daraja, ba a sa baƙo aikin gida.

Saboda haka, Yaya, ka roƙi maigidanka hutu. Ka ce masa aikin na wuni ɗaya ne, hanyar ce kawai mai tsawo. Duwatsun nan sun daɗe a tsaye ba kai, za su jira ka. Ka zo kafin ruwan sama ya kankama.

Ka huta lafiya. Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka,
Halimatu

*

Kasuwar Yelwa
Yuli, 1968

Yaya Mainasara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinka lafiya, zazzaɓin da ka ce ya taɓa ka ya sake ka. Ka riƙa rufe jiki, na ji ƙasar taku ma sauro ne da ita kamar tamu. Mu nan damina ta zauna, gero ya rufe ƙasa.

Takardarka ta iso, mai kauri, na ce to ga Yaya nan a hanya. Da na buɗe na ga kaurin duk na Angkor ne. Maganar Inna kuwa layi kaɗan ne a ƙarshe, inda takarda ta kusa ƙarewa rubutu ya ƙanƙance.

Ka ce maigida ba zai sake ka ba sai an gama awo. Wannan na gane, bara ba ya ba kansa hutu. Da nan ka tsaya da na yi haƙuri. Amma ka ƙara da cewa ɗibar ƙasa camfi ne, aikin jahiliyya, mu Musulmi ne yanzu, matacce ba ya ji, a lallashi tsohuwa kawai a sa ta jirgi. Sannu, malam. Ni ma ina salla, ban kuma ce ƙasa na ji ba. Inna ce ke ji, ita kuwa da ranta.

Abin da ya ba ni dariya, a shafin da ke gaban wannan fatawar taka ka ba ni labarin mutanen nan masu aske kai da rawayen mayafi, yadda ka same su durƙushe gaban gunkin da ko kai ba shi da shi, suna ƙona turare. Ka ce har idonka ya kawo ruwa, don ka ga mutanen da ba su yar da iyayensu ba. Ka ce Faransawa na bin kowane dutse da ya faɗo, su sa masa lamba, su ɗaga shi su mai da shi daidai inda yake, ka ce wannan shi ne sanin darajar na da. Wato in na wasu ne sunansa daraja. In na Baba ne sunansa camfi. Na rasa wace makaranta ake koyar da wannan, da na sa yarana.

Yanzu ka ji abin da labarinka ya haifar. Na haye gungu da takardar, don Inna ta sa a gaya mata in ta zo. Na karanta mata, ina tsallake abin da ya kamata a tsallake. Camfin ban karanta ba, ba kuma don kai ba. Da na rasa abin da zan cike gurbin da shi, sai na karanta mata inda ka ce kusa da kangon akwai wani babban tafki. Ka ce da damina koginsa na juyawa da baya, tafkin ya kumbura ya haɗiye gonaki da daji har kan itatuwa, mutane na zaune a ɗakuna bisa dogayen sanduna ba abin da ya dame su, in rani ya yi ruwan ya janye ya ba kowa ƙasarsa, ya bar musu kifi a kai. Na ɗauka labari ne na kashe lokaci.

Yaya, Inna ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun Baba na da rai. Ta ce, “Kin jiya? Har can ruwa ya san hanyar gida.” Ta ce wancan yaro ne mai hankali, ya aiko ne ya kwantar mata da rai.

Ka san mutanenmu da kogi. Farin ruwa ya zo da damina, ja wur da laka, ya hau ya sauka. Baƙin ruwa ya biyo baya da sanyi, ya hau ya sauka. Tun da aka haifi Inna ba ta taɓa ganin ruwan da ya hau ya zauna ba. Ta ce a shekarar da ta fi kowace ruwa, tana amarya, iyakarsa gindin tsamiya, ya lashi saiwa ya koma. Wannan ne ma'auninta, ba ta da wani. Na yi wata da watanni ina rushe mata wannan tunani a hankali, kai kuma ka aiko daga bayan teku ka yi masa sabon yaɓe.

Tsamiyar ma babu ita. Masu share hanyar ruwa sun zo da gatura da zarto sun kwantar da ita, wai kada ta riƙa kama jirage da taru. Na tuna rimin nan naka da aka bari a kan soro saboda yana kyau a hoto. Kututture suka bar wa Inna, ta ce ya isa, ai gindin take dubawa ba rassan ba.

An kwashe mutanen gungu. Na je na ga sabon garin. Gidajen siminti ne a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa, rufin a lanƙwashe, da rana kamar tanda. Tsofaffi na ɓacewa tsakanin ɗakinsu da na maƙwabci. Ƙasar wurin tsakuwa ce, albasa ko a mafarki. An nuna mini namu, an rubuta sunanka a ƙofa, kai ne maigida.

A gungu saura Inna da akuyarta. Har ta ware irin albasa, ta ce da farin ruwa ya sauka za ta yafa.

Na ce mata to ni in ɗebi ƙasar, ai ni ma jinin Baba ce, in laifi ne ya hau kaina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in kira mata sunayen ta ji. Na kira Baba, na kira Kaka, na kira uban Kaka, na tsaya. Ta ce saura fa? Ta ce waɗanda ba a kira ba za su farka su ga an tafi an bar su, wannan ya fi a bar su duka tare muni. Ka ba ni amsar wannan, kai mai ilimi.

In ba za ka zo ba, ka rubuto mata da bakinka cewa wannan ruwan ba irin na Kambodiya ba ne, ba zai koma ba. Kai za ta yarda da kai. Amma zuwan ya fi. Har yanzu da sauran hanya.

Ka gaida maigidanka, ka ce masa aikinsa na kyau.

Taka,
Halimatu

*

Yelwa
Oktoba, 1968

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba, na ba wa gidan waya laifin, don ya fi sauƙi.

Inna na da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Sun toshe kogin kamar yadda suka ce. Ni da na girma a bakinsa ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Farin ruwan da muka sani da ƙara yake zuwa, da gudu, yana jan itace da mushen dabba, ka ji shi tun daga nesa ka shirya. Wannan ba ya gudu, ba ya ƙara. Hawa kawai yake, shiru, kamar ana cika randa. Ka bar turmi a gaɓa da safe, da la'asar ka same shi yana iyo.

Duk ranar da ba kasuwa sai na haye. Kullum in sami Inna ta je ta duba kututturen ta dawo. Ran da ruwa ya taɓa shi ta ce to, ya kai, gobe sai komawa. Ran da ya rufe shi ta ce bana shekarar ruwa ce, ta wuce ta amarcinta, ba a yi wa Allah iyaka. Fadamar albasa ta tafi. Gidajen maƙwabta suka jiƙe daga ƙasa suka zauna ɗaya bayan ɗaya, ba faɗuwa ba, zama, kamar raƙumi. Ginin laka ba ya barin kango, Yaya, narkewa yake. Ka gaya wa Faransawanka, ba abin da za su sa wa lamba.

Sai ruwan ya shiga bayan gida. Ina tsaye ya kewaye kabarin Baba. Na ɗauki ƙwarya na nufi wurin, na ce ko sunaye uku ne a tsira da su. Inna ta riƙe mini zane. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ban san tana da shi ba. Ta ce in na taɓa, ita ba ta haife ni ba. Ta ce su mutanen ruwa ne, jiƙa ba baƙonsu ba ne, za su jira wancan. Na ajiye ƙwaryar. Zuwana na gaba ba a ganin komai a wurin sai kan karan darni.

Abin da ya rage na gungun bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, kuma ba Inna kaɗai ke son sa ba. Duk macijin gungun da kunama da ɓera nan suka tattaru. Akuyar ma maciji ne ya kashe ta. Ɗakin Inna ya tsage, ta kwashe wutarta a kasko ta hau dandamalin rumbu ta zauna da ita.

Ran ƙarshe da hantsi muka je, ni da Sahabi. Na roƙe ta, na yi kuka, na yi ƙarya na ce kana Ikko kana tafe. Ta ce to madalla, ya same ta nan. Sahabi na tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya juya mata baya don kunya. Ka san mutumin nan, tun da ya aure ni bai taɓa haɗa ido da Inna ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya cire takalmi ya tsuguna. Shi na ce wa ya ɗauke ta. Ya dube ni kamar na ce ya yanka ta. Sannan ya ce, “Inna, ki gafarce ni,” ya sunkuce ta kamar jaririya. Ba ta yi kokawa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce, “Wayyo, yau suruki ya taɓa ni.” Har muka sa ta jirgi hawaye na zuba a gemun Sahabi. Aikin da ka bar masa ke nan, kai da aka rubuta sunanka a ƙofa.

Na koma zan ɗauko kaskon wutar. Ta ce daga cikin mayafi, “Bar musu. Wuta ba ta riga ƙasa hayewa.” Na bar shi a kan dandamali. Muna tafiya ina waiwaye, ruwa ta ko'ina har iyakar gani, da ɗan hayaƙi siriri yana tashi daga tsakiyarsa. Da kana nan da kyamarar maigidanka da ka samu kati mai kyau.

Mun kai ta sabon gari. Na so ta zauna wurina a Yelwa, ta ce ba ta kwana gidan suruki, balle wanda ya ɗauke ta. Ɗakin simintin kuma ta ƙi shiga, tun da ba a zuba ƙasa a ƙofarsa ba. Sahabi ya kafa mata rumfar zana a waje. Tana ci kaɗan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Gaisuwa kawai take amsa mini, irin wadda ake amsa wa mai tallan da ba za a saya ba.

Ban san me zan ce ka zo ka yi yanzu ba. Amma ka zo, ko ganinka ta yi.

Ƙanwarka,
Halimatu

*

Yelwa
Fabrairu, 1969

Zuwa ga Mainasara,

Bayan gaisuwa. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kamar yadda taka ta nuna kana ciki. Na ga har ka yi ƙiba a hoton, ga ka tsaye gaban fuskar dutse, kai murmushi ita murmushi.

Inna ta rasu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na yi maka gaisuwa, kai ma ka yi mini daga nan inda kake.

Ga yadda aka yi, don kada ka ce ba a gaya maka ba. Tun da muka kai ta tudu, kullum da safe sai ta ɗauki kara ta taka har bakin ruwa, tafiya mai nisa ga tsohuwa, ta kafa shi daidai inda ruwa ya tsaya, yadda ake yi a gungu in ana jiran fadama ta fito. Washegari ta koma ta duba. Wata rana ta ga ya ɗan ja da baya kamar faɗin tafin hannu, ta dawo da sauri ta sa a fito mata da irin albasarta a shanya. Sai baƙin ruwa ya iso da sanyi, ya hau kan na da, ya shanye karan. Ta kafa wani. Mutanen dam sun ce da bazara zai ɗan sauka, amma ba har gungunmu ba, namu na cikin masu zurfi. Ban gaya mata ba, na gaji da zama mai kawo mata mugun labari.

Sanyin bakin tafkin nan ba irin na gungu ba ne, ba itace ba komai da zai tare iska, ita kuma tana kwana a rumfar zana, ɗaki na bayanta a buɗe. Tari ya kama ta, ya sauka ƙirji. Na kawo mai allura daga Yelwa, ta miƙa hannu ba musu. Na ce ta shiga ɗaki ko don tarin, ta ce ita ba ta shiga gaban manya.

Ita ta buɗe maƙabartar sabon gari. Ba kowa a wurin, fili fetal, ba miji ba uwa ba maƙwabci. Ƙasar ta yi taurin da sai da aka aro diga wurin masu aikin hanya. Matar da ta ƙi haye ruwa don kada ta bar mutanenta, ga ta kwance ita kaɗai a kan tsakuwa. Sahabi ne ya shiga ramin ya karɓe ta. Karo na biyu ke nan da ya ɗauke ta a madadinka.

Takardarka ta zo bayan an share makoki. Na ga ta yi saɓani da tawa, ko kuwa ka karanta tawa da idon da kake karanta abin da ba ka so. Ka ce a gaida Inna, ka saya mata zanen siliki irin na matan can. An riga an yi mata sutura, fari ne, ya kuma ishe ta.

Sai babban albishir ɗinka. Ka ce awo ya kusa ƙarewa, kana tafe, kuma ba hannu sake ba, da dabara. Ka ce ka zauna ka lura da masu yi wa baƙi jagora a Angkor, ka ga yadda mutum ke cin abinci da bakinsa kawai: ya tsaya gaban dutse ya ce nan sarki ya yi wanka, nan aka yi yaƙi, Bature na gyaɗa kai yana rubutawa. Ka ce maigidanka ya tabbatar maka tafkin Kainji zai zama wurin shan iska, baƙi za su zo. Za ka sayi jirgi mai inji, ka ɗinka fararen kaya, ka riƙa kai su yawo kan garuruwan da suka nutse kana ba su tarihi, don ba abin da Bature ke so irin wurin da mutane suka taɓa zama suka bari. Sahabi ya riƙe inji, ni in sayar musu da banda da ƙore masu zane a gaɓa. Kowa ya samu.

Na karanta wa Sahabi. Ya tashi ya tafi gyaran taru. Ni kuwa 'yar kasuwa ce, ba na raina dabara, kuma na yarda kana da bakin. Mutumin da ya iya kiran guduwa aiki, ba abin da ba zai iya sayarwa ba. Shawara ɗaya kawai zan ba ka irin ta masu rumfa: kada ka kira mai saye sai kana da abin nunawa. Su mutanen Kimer sun bar wa jagoransu dutse ya dafa. Na bi ta kan gungunmu a jirgi ran da muka dawo daga jana'iza. Sahabi da ya yi shekara da shekaru yana tuƙi a nan, ya tsai da jirgi ya ce nan ne, ya sake dubawa ya ce a'a, ko can ne. Ruwa ne shimfiɗe, ko'ina iri ɗaya.

Ka zo, ba na hana ka. Ɗakinka na nan ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Zan dafa maka abinci, don uwa ɗaya ta haife mu, kuma ba ni da wani sai kai. Yara na gaishe ka. Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Halimatu

Na manta ban tambaya ba, tun da kai ne mai tarihin. In kun kai tsakiyar tafki ka kashe inji, baƙin naka suka ɗaga kyamara suka ce ina kabarin ubanka, wane gefen ruwan za ka nuna musu?